Yadda aka gina manhajar da ke isar da saƙon WhatsApp daga Balan

A mazaɓar Balan da ke ƙaramar hukumar Gaya a gabashin jihar Kano, kamar yadda yake a galibin karkarar arewacin Najeriya, ba abin mamaki ba ne manomi ya naɗi muryarsa a waya ya aika wa ɗansa da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal, sannan ya jefa wayar a aljihu ya ci gaba da aikinsa.

Da farko agogo ne ƙarami zai bayyana a gefen saƙon, alamar bai bar wayar ba. Idan sabis ya dawo sai alamar maki ɗaya ta fito, ma'ana saƙon ya isa manyan na'urorin kamfanin. Maki na biyu kuwa ba ya fitowa sai wayar ɗan nasa ta karɓa, ko da kuwa bayan kwana uku ne.

Tsakanin waɗannan alamomi akwai aikin da mutane fiye da biliyan 3 ke dogaro da shi a kowane wata, kamar yadda kamfanin Meta ya bayyana a 2025. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne ƙarancin mutanen da suka gina shi. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a watan Fabrairun 2014 a kan dala biliyan 19, manhajar na da masu amfani da ita miliyan 450, amma injiniyoyinta 32 ne kacal.

Wani ɓangare na dalilin hakan yana cikin harshen kwamfutar da aka rubuta na'urorin da shi, wato Erlang, da kuma salon tunanin da harshen ya fito daga cikinsa.

Salo biyu na umartar kwamfuta

Mafi yawan manhajojin duniya an rubuta su ne da abin da za a iya kira salon umarni. Mai rubutu yana ba na'ura jerin umarni ɗaya bayan ɗaya: ɗauko adadin da ke wuri kaza, rage masa kaza, goge tsohon ka rubuta sabo a gurbinsa. Ƙwaƙwalwar na'urar tana zama kamar allon almajiri, a rubuta a wanke a sake rubutawa.

Muddin mutum ɗaya ne ke riƙe da allon, babu matsala. Rikici yana farawa ne idan hannaye da yawa suka kai ga allo ɗaya a lokaci ɗaya.

A ɗauka akwai naira 50,000 a wani asusu. Mai asusun yana cire 40,000 a wurin mai POS a kasuwar Gaya, a daidai wannan daƙiƙa kuma wani kuɗi da ya tura tun da safe, naira 30,000, yana ƙoƙarin fita. Kowane ɓangare na manhajar ya duba allon ya ga 50,000, kowane ya amince, kowane kuma ya rubuta ragowar da ya lissafa. Ƙarshenta naira 70,000 ta fita daga asusun da bai taɓa riƙe hakan ba.

Irin wannan kuskure yana da wuyar kamawa, domin ba ya faruwa sai lokutan biyu sun haɗu daidai. Ana iya gwada manhajar sau dubu a ofis ba a gan shi ba, sai ranar da jama'a suka yi mata yawa.

Salo na biyu, wanda za a iya kira salon lissafi, ya ɗauki wata hanya dabam. A nan ana gina manhaja ne da ƙa'idoji irin na lissafi: a ba ƙa'ida abin shigarwa, ta mayar da amsa, ba tare da ta taɓa wani abu a gefe ba.

Duk wanda ya zauna a gaban malamin fara'ili ya san wannan tsari. Idan mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya, kuma abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 2,400,000 ne, matar za ta sami sumuni, wato 300,000, ɗan ya sami 1,400,000, 'yar kuma 700,000. Ko a Balan aka yi lissafin ko a Alƙahira, yau ko baɗi, amsar ba ta sauyawa. Kuma yin lissafin bai motsa ko da kwabo ɗaya daga dukiyar ba.

Wannan misali ba baƙo ba ne a tarihin fannin. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9 kuma daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran jerin matakan lissafi da ita, ya keɓe babban kaso na littafinsa na aljabara ga matsalolin gado da wasiyya.

Sharaɗi na biyu a salon lissafi shi ne ba a goge abin da aka rubuta. Idan adadi ya sauya, ana rubuta sabo ne a bar tsohon yadda yake, kamar littafin bashi na ɗan kasuwa mai tsoron rigima, wanda ba ya kankare layi, sai dai ya ƙara wani a ƙasa da kwanan wata. Abin da ba ya sauyawa kuwa, mutum dubu za su iya karanta shi tare ba tare da wani ya ɓata wa wani ba.

Tushen wannan salo ya girmi kwamfutar kanta. Alonzo Church, masanin lissafi a jami'ar Princeton ta Amurka, ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a shekarun 1930. John McCarthy ya ƙirƙiro harshen Lisp a 1958, aka sami ML a Edinburgh a shekarun 1970, sai Haskell a 1990. Shekaru da dama ana ɗaukar waɗannan harsuna a matsayin abin nazarin jami'a kawai. Duk da haka, duk ma'aikacin da ya taɓa sa ƙa'idar jimla a cikin Excel ya ɗanɗani salon ko da bai sani ba: yana faɗin abin da gurbi yake nufi ne, na'urar ce ke neman hanyar cika shi.

Daga kamfanin tarho na Sweden

Erlang bai fito daga jami'a ba. An fara shi a 1986 a ɗakin binciken kamfanin Ericsson da ke birnin Stockholm, a hannun Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams.

Matsalar da ke gabansu ta tarho ce. Na'urar haɗa kira tana ɗauke da dubban hirarraki a lokaci guda, ba a yarda a kashe ta don gyara ba, kuma ƙa'idar masana'antar ita ce kada tsayawarta ta wuce kimanin minti 5 a shekara. Ga shi kuma babu manhaja mai girma da ta taɓa kuɓuta daga kuskure.

Maimakon su yi alƙawarin rubuta manhaja marar kuskure, sai suka ɗauka cewa kuskure zai faru ko ana so ko ba a so, suka mai da hankali kan yadda za a hana shi yaɗuwa. Armstrong ya tattara wannan tunani a kundin digirinsa na uku a 2003, wanda ya yi kan yadda za a gina tsari abin dogaro alhali manhajar da ke cikinsa tana da kurakurai.

Tsarin da suka fito da shi shi ne a rarraba aiki ga ɗimbin ƙananan ma'aikata na cikin na'ura, waɗanda za a iya kira 'yan aike. Kowane ɗan aike yana da ɗan allonsa da babu mai taɓawa sai shi. Idan yana son wani abu daga ɗan uwansa, saƙo yake aika masa, kuma kwafi ne yake tafiya. Ba su da nauyi: kowanne yana farawa ne da 'yan kilobayit kaɗan, don haka na'ura ɗaya tana iya ɗaukar miliyoyinsu.

A irin wannan tsari, asusun nan mai naira 50,000 yana hannun ɗan aike ɗaya ne. Buƙatun biyu za su shiga layi a gabansa, ya biya ta farko, ya ƙi ta biyu.

A tsarin WhatsApp kuwa, kowace waya da ta haɗu da na'urorin kamfanin tana samun nata ɗan aiken. Idan sabis ya yanke wa manomin Balan a tsakiyar saƙo, ko wayarsa ta aiko da wani abu a birkice, ɗan aikensa kaɗai abin ya shafa. Wanda ke hira daga Jidda ko Maraɗi a kan na'ura ɗaya da shi ba zai ji komai ba. A watan Janairun 2012 kamfanin ya sanar da cewa ya haɗa wayoyi fiye da miliyan 2 a lokaci guda a kan na'ura ɗaya tak.

A bar shi ya faɗi

Ɓangaren da ya fi ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne abin da ake yi idan ɗan aike ya gamu da abin da bai gane ba. Ba a buƙatar ya yi ta faci. Ana barin sa ya mutu nan take.

A samansa akwai wani ɗan aiken da ba shi da wani aiki sai sa ido. Da zarar na ƙasa ya faɗi, mai sa idon zai tayar da sabo a gurbinsa da allo mai tsabta. Hikimar ba ta da nisa da abin da kowa ke yi idan waya ta maƙale: a kashe a kunna. Bambancin shi ne a nan ɗan ƙaramin yanki ake kashewa, kuma cikin ƙiftawar ido, ba dukan na'urar ba.

Masu sa idon su ma suna da na sama da su, hawa-hawa. Mutumin Gaya ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Abin da ya faru a unguwa mai unguwa ne ke fara kashe shi. Idan ya gagare shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kuma ba kowace rigimar kan iyakar gona ce ke isa fada ba. Haka ma a Erlang, ana gaya wa mai sa ido sau nawa zai tayar da na ƙasa cikin wani ƙayyadadden lokaci. Idan abin ya wuce haka, sai shi ma ya ajiye aiki, matsalar ta hau mataki na gaba, inda za a sake tayar da reshen gaba ɗaya.

Amfanin wannan ga mai rubuta manhaja yana da yawa. Yana rubuta abin da ya kamata ya faru ne kawai, ba sai ya cika kowane layi da tanadin abin da zai iya lalacewa ba. Tanadin yana wuri ɗaya, a cikin jerin masu sa ido. Manhajar tana gajarta, kuma mutane kaɗan za su iya riƙe ta a kai.

Erlang yana kuma ba da damar a sauya wani sashe na manhaja tana cikin aiki, ba tare da an yanke wa kowa hira ba.

Shahararriyar na'urar da Ericsson ya gina da harshen ita ce AXD301 ta 1998, mai ɗauke da layukan Erlang fiye da miliyan ɗaya. An sha yaɗa cewa ta yi aiki kashi 99.9999999 cikin 100 na lokaci, abin da ke nufin tsayawar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba a shekara. Sai dai wannan adadi ya fito ne daga gwaji na ƙayyadadden lokaci, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin da kansu sun yi gargaɗin kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Abin dariya a labarin shi ne a wannan shekara ta 1998 ne wani reshe na Ericsson ya hana amfani da Erlang a sababbin ayyuka, saboda yana son harsunan da kowa ya sani. A ƙarshen shekarar aka saki harshen kyauta ga duniya. Da ba don haka ba, da Jan Koum da Brian Acton, waɗanda suka kafa WhatsApp a 2009, ba su same shi a shirye ba. Sun fara ne da ejabberd, wata manhajar hira ta kyauta da aka rubuta da Erlang, suka yi ta sauya ta har ta zama tasu.

Ciki da waje

Akwai tambayar da ke tasowa nan take. Idan ƙa'idar lissafi ba ta taɓa komai, ta yaya manhaja za ta tura kuɗi ko ta aika saƙo, tun da waɗannan duk taɓa duniya ne?

Amsar da masu tsara manyan manhajoji suka bayar ita ce a raba gida biyu. A ciki akwai zuciyar manhajar, inda ake yanke duk wani hukunci da ƙa'idoji tsantsa. A waje kuma akwai siririn ɓawo wanda shi kaɗai ke magana da intanet da rumbun bayanai da na'urar banki.

A koma ga rabon gado. Malami yana zaune yana lissafi a takarda, ana iya duba lissafinsa sau goma, a kai wa wani malamin ya sake, babu abin da ya lalace. Amma waɗanda za su je gona da igiya su auna su kafa iyaka, aikinsu sau ɗaya ake yin sa, kuma gyara shi rigima ne. Don haka ake so duk tunani ya ƙare a takarda, masu igiya su aiwatar kawai.

Da wannan rabo, ana iya gwada zuciyar manhaja da dubban misalai ba tare da an haɗa ta da kowace na'ura ta waje ba. Kuma idan an adana kowane abin da ya faru a jere ba tare da gogewa ba, ana iya komawa a sake lissafin kowace rana a ga inda aka kauce. Bankin Nubank na Brazil, wanda abokan hulɗarsa suka haura miliyan 100 a 2024, ya gina tsarinsa ne da harshen Clojure da kuma rumbun bayanai mai suna Datomic, wanda ke ƙara sabon bayani a kan tsoho maimakon ya maye gurbinsa. Facebook ma ya bayyana a 2015 cewa manhajarsa ta tace saƙonnin banza da na damfara, wadda aka sake rubutawa da Haskell, tana amsa buƙatu fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa.

Abin da ya shafi Najeriya

Lokacin da wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Yanzu jarrabawar shiga jami'a da sakamakon zaɓe da albashi da cinikin kasuwa duk sun hau kan manhajoji, kuma ƙasar ta riga ta ga abin da ke faruwa idan suka yi tuntuɓe.

A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, takardun sakamakon zaɓen shugaban ƙasa sun ƙi hawa shafin IReV na hukumar INEC har sai da dare, alhali na 'yan majalisa suna hawa. A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar ta ce an tsara rumbun ne jiha-jiha, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye sakamakon zaɓen da ba na kowace jiha ba. Jam'iyyun adawa dai ba su gamsu da cewa matsalar ta na'ura ce kawai ba, kuma batun ya kai har kotun ƙoli.

A watan Mayun 2025 kuma shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa kuskure ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, har sai da suka sake zama jarrabawar. Bayanin da aka bayar shi ne wani gyara da aka yi wa manhajar bai kai ga dukan na'urorin ba, wasu suna aiki da sabon tsari wasu da tsoho.

Babu wanda zai iya cewa da an yi amfani da Erlang ko Haskell da waɗannan abubuwa ba su faru ba. Amma tambayoyin da suka tayar su ne ainihin waɗanda wannan salo ke tilasta wa injiniya ya amsa tun kafin ya fara gini. Shin an lissafa kowane irin yanayi da zai iya shigowa? A harsuna irin su Haskell da OCaml, idan mai rubutu ya ce zaɓe iri huɗu ne amma ya tanadi uku, na'urar fassara tana iya nuna masa gurbin da ya bari tun manhajar ba ta bar ofis ba. Shin idan wani yanki ya faɗi, wa ke sa masa ido? Shin an adana ainihin amsoshin ɗalibi yadda za a iya sake lissafa makinsa?

Salon yana da nasa tsadar. Kwafin bayanai maimakon gogewa yana cin ƙwaƙwalwar na'ura. Erlang ba shi da sauri a lissafi mai nauyi, shi ya sa ake haɗa shi da wasu harsunan. Mafi girma kuma ita ce ƙarancin gwanaye. Ɗalibin da ya fito daga Balan ya shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, makwabciyar Gaya, ko jami'ar Bayero ta Kano, zai tarar cewa tallan aiki a Najeriya sun fi neman Java da Python da JavaScript. Kamfanin da ya gina tsarinsa da harshen da mutum biyar suka iya, yana cikin haɗari ranar da uku suka sami aiki a ƙetare.

Sai dai tazarar tana raguwa ta wata hanya. Java ya karɓi wasu dabarun salon lissafi tun 2014, Excel ya sami ƙa'idar LAMBDA a 2020, kuma José Valim ɗan Brazil ya fitar da Elixir a 2012, harshe mai sauƙin koyo da ke gudana a kan injin Erlang. Dukan waɗannan harsuna na Erlang da Elixir da Haskell kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfutar hannu ta isa a tayar da 'yan aike dubu ɗari a gani da ido.

Kyakkyawan tsari kuma ba ya kare abin da ke wajensa. A ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke na kusan sa'a 6 a duk duniya. Manhajar ba ita ce ta faɗi ba. Wani umarni da aka bayar cikin kuskure yayin gyaran hanyoyin sadarwa ne ya yanke cibiyoyin kamfanin daga intanet, 'yan aike da masu sa musu ido suna nan a ciki amma babu hanyar isa gare su.

A wannan dare saƙonnin da aka naɗa a Balan sun tsaya a wayoyin masu su da alamar agogo. Da hanya ta buɗe, suka tafi. Waɗanda kuma suka isa na'urorin kamfanin amma wayar mai karɓa tana kashe, ana ajiye su a rufe har tsawon kwana 30 ana jiran ta kunnu, bayan haka a share su.